Hayar gida a cikin birnin Kano: kafin ka ce "nawa ne?", ka ce "na wane ne?"

Wani matashi mai tsaron shago a Kantin Kwari ya aiko mini da tambaya. An sa masa rana bayan Babbar Sallah, yana neman inda zai ajiye amarya, kuma gida biyu ne a gabansa. Na farko sashe ne a wani tsohon gida a cikin gari, ta wajen Ƙofar Mata: ciki da rumfa, da ɗan madafi, banɗakinsa daban, amma soro da tsakar gida da rijiya na kowa ne. Na biyu sabon gini ne can gaba da Rijiyar Zaki, ciki da falo, komai a ciki. Kuɗin bai bambanta sosai ba. Dillalin na cikin gari ya ce ya kawo kuɗi kafin Juma'a don akwai masu so. Ya rufe da cewa, "Baba, in biya ko in haƙura?"

Ɗana, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar. Kada ka biya kafin Juma'a. Shekarata ashirin da 'yan kai ina dillancin gidaje tsakanin Dala da Gwale da Birni, kuma wannan "akwai masu so" ɗin waƙarmu ce, ni ma na rera ta ba sau ɗaya ba. Wani lokaci gaskiya ce. Amma gidan da ba zai jira ka kwana bakwai ka yi bincike ba, ka bar wa masu son nasa.

Ban ce ka guji cikin gari ba. Ga mai sana'a irin taka, kusanci ma kuɗi ne. Daga Ƙofar Mata da ƙafa za ka je Kwari, ka dawo cin abincin rana in ka ga dama, ga Asibitin Murtala nan kusa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan, na sha ganin waɗanda suka fita bayan gari neman sarari suna dawowa suna cigiyar ko ɗaki ɗaya ne a Yakasai ko Zango ko Koki. Acaɓa kuwa tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja, sai Adaidaita Sahu, shi ma da safe sai ka yi kokawa. Ɗauki biro ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa na duk ranakun da kake fita a shekara, ka ɗora a kan hayar gidan Rijiyar Zaki, a nan ne farashinsa na gaskiya zai fito. A wannan lissafin cikin gari kan ci. Inda yake kayar da ɗan haya wuri biyu ne, gado da ruwa.

Yawancin gidajen da ke cikin ganuwa ba wanda ya saye su jiya. Kaka ne ya gina, ko kakan kaka, ya rasu ya bar 'ya'ya, wasunsu suka rasu suka bar nasu, ba a raba ba. Sai ka tarar da gida ɗaya da magada goma sha biyar ko ashirin, wani a Legas, wani a Saudiyya, wasu mata ne a gidajen aurensu a Gyaɗi-Gyaɗi ko Kurna. Wanda ke zaune a ciki, wanda duk layin ke ce wa mai gidan, sau da yawa ɗaya ne kawai daga cikin magada, babban wa ko wanda bai taɓa tashi ba. Sashen da aka nuna maka ƙila na wata gwaggo ce da ta rasu bara, ɗaki ya zama ba kowa, shi kuma ya ga bai kamata ya zauna a banza ba. Galibin irin waɗannan gidaje ba su da takardar mallaka ta gwamnati. Shaidarsu maƙwabta ne da mai unguwa, wani lokaci da tsohuwar takardar ciniki ta ajami ko ta kotun alƙali. Haka birni yake, ba aibi ba ne. Sai dai ba wata takarda da za ka ce a nuna maka ka huta. Dole ka tambayi mutane.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Shekarun baya na saka wani malamin makaranta a wani sashe a bayan kasuwar Kurmi. Dattijon da ya ba da hayar mutumin kirki ne, a gidan aka haife shi, shi ke jan sallah a masallacin layin in liman ba ya nan. Ya karɓi kuɗin shekara, ya rubuta rasit, na karɓi la'adata. Malamin ya yi fenti, ya sa silin, ya ja wuta, ya kawo iyalinsa. Wata huɗu ba su cika ba sai ga sammaci: ƙanwar dattijon da 'ya'yan wani ƙaninsa marigayi sun kai ƙara a raba gado. Gidan ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki yadda kowa zai samu haƙƙinsa, aka yi masa kuɗi aka sayar. Wanda ya saya ɗan kasuwa ne, sito yake son yi. Kuɗin haya kuwa dattijo ya riga ya zuba su a hidimar auren 'yarsa, sauran magada suka ce su ba su san da wata haya ba, ko kwabo ba su gani ba. Har yau ina ganin malamin nan tsaye a soro, ragowar fenti na nan a gefen ƙofa bai ma ƙare ba, yana ce mini, "Alhaji, yanzu wa zan riƙe?" Ni ya riƙe, kuma da gaskiyarsa. Na mayar masa da la'adata, na ƙara da abin da na iya, sauran ya bi ruwa.

Ga inda bambancin yake. In mai gida na ainihi ne ya ba ka haya, lokaci sananne da kuɗi sananne, to a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi hayar ba ta warwarewa don ya rasu. Magadansa za su jira wa'adinka ya cika. Amma wanda rabonsa kaɗai yake da shi a gida ba shi da ikon ɗaure sauran da alƙawarin da ba su yi ba. Saboda haka ka koma wajen dillalin ka tambaye shi: gidan na wane ne? Yana raye? In ya rasu, an raba gado? In an raba, sashen nan a rabon wa ya faɗa? In ba a raba ba, su wane ne magada, kuma sun wakilta wannan mutumin ya karɓi haya? Kada ka tsaya a amsarsa, don shi ma wani lokacin bai tambaya ba, kamar yadda ban tambaya ba. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce kai baƙo ne mai shirin zama ɗan unguwarsa. Ko dai ya gaya maka abin da ya sani, ko ya yi wani irin shiru da ya fi magana. Da daddare kuma ka zauna teburin mai shayin bakin layi. Shi da mai wanki da guga sun fi kowa sanin gidan da ake ja-in-ja a kansa.

Ka lura da wurin da gidan yake kuma. Duk gidan da ke dab da Kwari ko Wambai ko Kurmi, ko yake bakin titi, idon 'yan kasuwa na kansa, kullum ana rushe tsofaffi ana tayar da shaguna. Magadan da suka shekara talatin lafiya lau, ranar da aka yi musu tayin miliyoyi ranar za su tuna ba a raba gado ba. Gidan da ke can ƙuryar lungu, inda mota ba ta shiga, ya fi wuyar sha'ani, amma ta wannan fuskar ɗan haya ya fi daɗewa a cikinsa.

In komai ya daidaita, a rubuta. Mutanenmu na jin nauyin takarda kamar zargi ce, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Zuwa wajen lauya ya fi, amma in ba hali, takarda ɗaya da Hausa ta isa: sunan mai bayarwa da matsayinsa a gidan, ɗakunan da ka kama ɗaya bayan ɗaya, ranar shiga da ranar cika, abin da aka biya, wa zai yi wane gyara. A rubuta ƙarara cewa in aka sayar ko aka raba kafin wa'adi, za a bar ka ka cika ko a mayar maka da ragowar kuɗinka. In gidan gado ne, a samu wasu manyan magada aƙalla biyu su sa hannu, har da mace. A abin da na gani, ta wajen mata ƙara ta fi fitowa, don su aka fi mantawa da su in an zo raba kuɗin haya. Kuɗin ka tura ta banki zuwa asusun mai bayarwa, kada ka tura wa dillali. La'ada daban take: abin da aka saba a haya kashi 10 cikin 100 ne, ana kuma yin ragi. Ka yi cinikinta tun kafin a buɗe maka ƙofa, ka tambayi dillali nawa ne a cikin maganar, don wani gidan sai ka tarar mutum huɗu ne a jere kowa na jiran nasa.

Sai ruwa. A rani kake kallon gidan nan, kuma a rani kowane gida a Kano lafiyayye ne. Agusta ce mai tonon asiri. Tunda ba za ka iya jiran ta ba, sai ka karanta abin da damunan baya suka bari a jikin gini.

Fara daga bakin ƙofa. In za ka shiga soro, hawa kake yi ko gangarawa? Shekara da shekaru ana cika lunguna da ƙasa da ɓaraguzai, yanzu kuma ana shimfiɗa musu intalok, lungu na tashi, gida na nan inda yake. Akwai gidajen da sai ka sauka matakala biyu kafin ka taka daɓen soro. Irin wannan, da an yi ruwa mai ƙarfi kwata ta cika, ruwan layi gidan zai nufa, rariyar da aka yi don ta fitar da na tsakar gida ita za ta shigo da na waje. In ka ga an jera bulo layi ɗaya a bakin ƙofar ɗaki, wanda sai an tsallaka, ka san wani ya taɓa kwana yana kwalfar ruwa da kwano.

Ka shiga ɗaki, ka durƙusa, ka sa tafin hannu a gindin bango. Duba ko launinsa ya rabu daga ƙasa zuwa gwiwa, ko wani farin gari kamar kanwa na fitowa, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa. Sabon fenti a gindin bango kaɗai abin tambaya ne. Da yawa daga tsofaffin gidajen ginin ƙasa ne aka yi musu rigar siminti; ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta rabu da ƙasar, ruwa na bi ta tsakani. Ni fa ba maƙiyin ginin ƙasa ba ne, a cikinsa na girma. A watan Afrilu, lokacin da mai ɗakin bulo da kwano ke kwana a waje, kai a ciki za ka yi barcinka, da hunturu kuma ga ɗumi. Amma ɗan lele ne, yana son yaɓe kafin damina, yana son a gyara indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama. Gidan gado kuwa shi ne gidan da kowa ke jiran wani ya gyara. Ɗaga kai ka dubi rufi. In na azara ne, nemi inda ya lotsa ya yi ciki. Azarar giginya ba ta cika jin gara ba, amma ruwa na ruɓar da bakinta inda ta shiga bango, can za ka soka mabuɗi ka ji. In an rufe da silin, nemi zanen ruwa a jikinsa. In kuwa bene aka ɗora na bulo a kan tsohon ginin ƙasa, ni dai ba na saka mutum a ƙarƙashinsa. Da wuya damina ta wuce ba a ji gini ya faɗa wa mutane ba. Sannan ka nemi wanda ya tashi daga sashen, in akwai, ka tambaye shi abin da ya tashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka zaga bayan gidan ma. Birnin nan da cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, kuma su ke shanye ruwan sama. An cike da yawa da shara an yi gini a kai. Gidan da ke kan tsohon kududdufi ƙasarsa ba ta gama zama ba, bango kan tsage, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba. Tsofaffin unguwa sun san inda kowanne yake da, har da sunansa. Wanda ke kusa da wanda ba a cike ba, ko kusa da rafin Jakara, sai ya yi shirin sauro.

Ruwan sha kuma maganarsa daban. Ka murɗa famfo ka gani, a tambayi matan gida yaushe rabon da ya kawo. A lunguna da yawa amsar shekaru ce. Rijiyar tsakar gida ta wanki ce da wanka. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, a gidan birni kuwa wani lokacin taku biyar ne, in ba na gidan ba to na maƙwabci a bayan katanga. Kada a sha. Ka ga ke nan da 'yan garuwa za ka yi hulɗa. Tambayi nawa ake sayar da jarka a layin a tsakiyar rani, kuma ko kura na shiga lungun, don in sai an tsaya a bakin titi an ɗauko da hannu, kuɗin ya canza. Wannan ma ka sa shi a lissafi yadda ka sa kuɗin Adaidaita a gidan Rijiyar Zaki, kada ka yi wa ɗaya adalci ka bar ɗaya. Banɗakin da aka ce naka ne kai kaɗai, raminsa daban ne ko da na gida yake haɗe? Yaushe aka kwashe, wa ke biya in ya cika?

Wuta ba sai na ja ba. Mita ɗaya ce ga gidan duka ko kowa da tasa? In ɗaya ce, yaya ake raba kuɗi, don firiji da dutsen gugar amarya za su zama abin magana a tsakar gida tun makon farko. A nuna maka bil na ƙarshe ka ga ko akwai tsohon bashi. Mai yanke wuta waya yake cirewa, ba ya tambayar wa ya sha. Ka kuma san rukunin da kamfanin wuta ya sa layin a ciki. A Afrilun 2024 aka ɗaga wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, kuɗin yunit zuwa naira 225, fiye da ninki uku na abin da suke biya.

Abin da ban ga ka ambata ba a tambayarka ita ce wadda za ta zauna a gidan. Kai da safe za ka fice, sai bayan magariba. Ita za ta wuni a tsakar gida ɗaya da matan da suka shekara ashirin tare, igiyar shanya ɗaya, rijiya ɗaya, kowa da ranar shararta. In ta dace ta samu iyaye. Ranar da ta kwanta ciwo akwai mai ɗora mata tukunya, ranar naƙuda akwai tsohuwar da ta san abin yi kafin a samo Adaidaita daga bakin titi, ranar suna ba za ta san an yi aiki ba. Wannan da wuya a same shi a sabuwar unguwa inda kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. In ba ta dace ba kuwa, har naman miyarta sai an ƙirga. Kai ba za ka gano wannan ba, iyakarka soro da ɗakin da aka nuna maka. Ka tura yayarka ko gwaggonka, mace mai ido, ta shiga ta gaisa, ta ɗan zauna. Abin da za ta gaya maka in ta fito ka riƙe shi da kyau. Ka tambayi dokar gida kuma: ƙarfe nawa ake rufe soro, wa ke riƙe da mabuɗi, ina za ka kwantar da babur in kana da shi. A gidan birni namiji baƙo ba ya wuce soro, ƙannenka maza ma sai da sallama da jira.

Batun tsaro, kada ka yanke wa unguwa hukunci da sunanta. Akwai 'yan daba a wasu sassan birni, faɗansu kan tashi lokacin siyasa da hawan Sallah, amma abin layi-layi ne, wannan lungu lafiya, na bayansa sai addu'a. Ka je bayan isha'i, ka sake komawa wajen sha ɗayan dare, ka ga su wa ke zaune a bakin lungun, ko akwai 'yan sintiri, nawa ake karo-karo a wata. Ɓarawo na shan wuya a cikin gari don kowa ya san kowa. Kai ma za a san ka, lokacin fitarka da na dawowarka da abin da ka shigo da shi a leda. Wani na jin daɗin haka, wani ba ya iyawa.

Haƙƙinka kuma ka san shi. A dokokin haya na yawancin jihohin ƙasar nan, in yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, mai zaman shekara-shekara ana ba shi notis na wata shida, na wata-wata kuma wata ɗaya, bayan nan a ba shi na kwana bakwai, sannan a je kotu. Mai gida ba shi da ikon kware kwano, ko garƙame ƙofa da kwaɗo, ko watso kaya waje. Amma in takardarku ta ce shekara ɗaya cak, daga rana kaza zuwa rana kaza, to ranar da ta cika haya ta ƙare, wata shidan nan ba naka ba ne. Shi ya sa nake so a rubuta tun yanzu wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin kuɗi ko tashi. A aikace dai rigimar haya a birni ta fi ƙarewa a soron mai unguwa ko wajen sulhun Hisbah, kuma ko a can wanda ya zo da takarda da shaidu shi ake fara saurara.

Ƙila a yi maka tayin jingina, ka ba da dunƙulallen kuɗi ka zauna ba haya har ranar da aka dawo maka da su. Tsohuwar al'ada ce a birni. Malamai da yawa na ƙyamarta don bashi ne da ya jawo amfani. Ni kuma ina ƙin ta har ta fuskar kasuwa: yadda naira ke zubewa, abin da za a dawo maka da shi bayan shekara uku ba shi ka bayar ba, kuma a gidan gado ba ka san wa zai dawo da shi ba. Jarinka ya fi amfani a Kwari.

In ni ne kai, zan ce wa dillali a ba ni mako guda. In mai unguwa ya ce ba rigima, soro bai gangara ba, gwaggonka kuma ta fito da fara'a, ka kama na cikin garin, ka biya shekara ɗaya, kada ka yarda da biyu sai ka ga damina a ciki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙi, Rijiyar Zaki na nan.

Ranar da za ka koma, ka tafi da abin awo. Ka auna faɗin ƙofar soro, da kwanar da ke tsakanin soro da tsakar gida, da ƙofar ɗaki, ka aika wa dangin amarya tun kafinta bai gama ba. Da gangan aka karkata ƙofofin sorayen birni don kada na waje ya hango cikin gida, kuma ba don gado mai ƙafa shida da kujerun yayi aka gina su ba. Na taɓa ganin 'yan jere sun wuni a lungu da sif ɗin da ta ƙi shiga, ƙanwar uwar amarya na ta faɗa da direba, har sai da aka ɗauko kafinta ya kwance ta aka shigar guntu-guntu. Madubin kuwa igiya aka ɗaura masa, aka zuro shi ta kan katangar maƙwabta bayan la'asar.